Ƙafar Shiga da Ƙafar Fita

Kayan wuta sun daina nuna cikinsu. Duk wanda ya taso kusa da rumfar mai gyaran rediyo a Parakou, ya kuma koma ya zauna a irin wannan rumfa a yau, wannan sauyin ne zai fara tsaya masa a rai, tun kafin a zo maganar tsadar kaya ko ƙarancin ciniki. A da, in aka kwance bayan rediyo, komai a fili yake. Ga wayar da ta taso daga eriya, ga inda ta shiga, ga tiransistocin da ke ƙara wa murya ƙarfi ɗaya bayan ɗaya har a kai ga lasifika. Mai gyara yakan bi hanyar da mitarsa, ya taɓa nan ya taɓa can, inda wuta ta tsaya nan ciwon yake. Kowane ɗan ƙaramin abu aikinsa guda ne, kuma wurin da aka liƙa shi da dalma shi ke faɗa maka aikin. Mutumin da bai taɓa zama a aji ba yana iya karanta allon rediyo tsaf, domin da ido ake karatunsa.

Yanzu buɗe na'urar da ke daidaita cajin batirin sola, ko inbata, ko fanka mai rimot. Za ka tarar da allo kusan fayau, a tsakiyarsa wata baƙar ƙwaya mai ƙafafu jere hagu da dama. Ƙafafun nan duk kamarsu ɗaya. Mita takan gaya maka cewa akwai wuta a wannan, babu a waccan, amma dalilin da ya sa haka, da lokacin da zai canja, wannan ba a saman allo yake ba. An yanke hukuncin a rubuce, an zuba rubutun cikin ƙwayar, an rufe. Sunanta maikurokontirola. Kwamfuta ce sukutum cikin abin da bai wuce ɗan yatsa ba, da wurin lissafinta, da wurin ajiyar umarni, da ƙafafun da take hulɗa da waje ta kansu. A rumfa ƙwaƙwalwa ake ce mata.

Garinmu dama can garin wucewar kaya ne. Fataken da suka riƙa tasowa daga Kano da Katsina zuwa Gwanja ta ƙasar Borgu suke bi, su yada zango a Nikki da Parakou da Djougou kafin su isa Salaga, su sauke kanwa da tufafi, su ɗauko goro. Daga baya Faransawa suka shimfiɗo layin dogo daga Kwatano, kilomita 438, ya zo Parakou ya tsaya. Daga nan sai aka riƙa juye kaya cikin manyan motoci su nufi Malanville, su haye kogin Kwara zuwa Gaya da Doso da Yamai. Mun saba kaya su zo mana daga nesa a ƙere, a ɗaure. Abin da ke zama a gari bayan motoci sun wuce shi ne hannun da ya iya gyara.

Wannan hannu ya yi zamaninsa. Lokacin da kowane gida a unguwar Ganou ke da rediyo mai gajeren zango don jin Sashen Hausa na BBC da Rediyon Kaduna, lokacin rikoda mai kaset da talabijin baƙi da fari, mai gyara mutum ne da ake gaisarwa da girmamawa a kan hanyar masallaci. Da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairun 1994, sabon kaya ya ninka kuɗi dare ɗaya, sai mutane suka zaƙulo tsofaffin rediyoyinsu daga ƙarƙashin gado suka yi layi a rumfuna. Ba a jefar da komai a shekarun nan. Matacciyar rediyo ma dukiya ce, don cikinta za a ciro abin da zai raya wata.

Ba rana guda abin ya juya ba. A hankali kaya masu ƙwaƙwalwa suka riƙa shigowa daga Kwatano da kasuwar Alaba ta Legas, suna ƙara araha suna ƙara rufuwa. Mai gyara ya duba fis, ya duba kapasitocin da suka kumbura, ya sake su. In na'ura ta tashi, madalla. In ba ta tashi ba, magana ɗaya ce ta rage masa: kat ɗin, wato allon, ya mutu, sai an sayo wani. Mutumin da ya yi shekaru yana bin ciwo har gidansa ya koma mai cire allo ya sa allo. Na san dattawan da suka bar sana'ar suka koma sayar da caja da murfin waya a bakin kasuwar Arzeke, ba don hannunsu ya mutu ba. Wannan abu yana yi mini ciwo har yau.

Ita ƙwayar ta daɗe a duniya kafin ta iso teburinmu. A farkon shekarun 1970 injiniyoyi biyu na kamfanin Texas Instruments a Amurka, Gary Boone da Michael Cochran, suka haɗa lissafi da ajiya da ƙafafun shiga da fita cikin ƙwaya guda, kamfanin ya fito da TMS1000 kasuwa a 1974. Intel ta biyo da 8051 a 1980. Sai dai na wancan zamani ba na talaka ba ne: ko dai a masana'anta ake zuba musu umarni sau ɗaya tak, ko kuma suna da 'yar tagar gilashi a baya da sai an haska mata wata fitila ta musamman kafin a goge abin da ke ciki. A 1993 kamfanin Microchip ya fito da PIC16C84, wadda ake gogewa da wuta a sake rubutawa nan take, sai ƙanwarta PIC16F84 mai ƙafa 18 ta biyo baya ta zama abin koyon ɗaliban fasaha a ko'ina. Wasu ɗalibai biyu 'yan Norway suka tsara wani iyali mai suna AVR, kamfanin Atmel ya ƙera. A kan wannan iyalin ne, a 2005, wasu malamai a garin Ivrea na Italiya suka ɗora allon Arduino, don ɗaliban zane da ba su karanci lantarki ba su iya sa fitila ta kama ta mutu da umarninsu. Samfurin Uno, wanda kwafinsa na China ya cika jakunkunan samarinmu yanzu, a 2010 ya fito.

To, me ake nufi da saita ƙafa? Kowace ƙafa a jikin ƙwayar ko kunne ce ko baki, kuma mai rubutu ne ke zaɓa mata. In ka mai da ita kunne, ba ta tura komai. Tana dai jin ko akwai wuta a wayar da aka ɗaura mata ko babu, ta kai wa ƙwaƙwalwa labari da 1 ko 0. In ka mai da ita baki, ita ke riƙe wayar da ƙarfinta, ta ɗaga ta zuwa bolt 5 ko ta sauke ta ƙasa, duk abin da ke ɗaure a can ya bi. Ƙwayar da ke kan Uno, ATmega328P, an raba ƙafafunta gida uku, B da C da D, kowane gida da rajista uku. Ɗaya, DDR, ita ke riƙe da zaɓin: gurbin da aka sa wa 1 ƙafarsa ta fita ce, wanda aka bari a 0 ta shiga ce. Ta biyu, PORT, a nan ake rubuta abin da ake so ƙafar fita ta yi. Ta uku, PIN, daga nan ake karanta abin da ƙafar shiga ta ji. A iyalin PIC rajistar zaɓin TRIS ce, kuma lissafinta a juye yake: 1 shiga, 0 fita. Wanda ya koyi ɗaya ya koma ɗaya bai lura ba, zai kwana yana zargin ƙwaya lafiyayya.

Akwai wata hikima a ƙirar da nake so kowane mai koyo ya tsaya a kanta. Duk lokacin da wuta ta shigo wa ƙwaya, kafin ta karanta layin farko na umarni, ƙafafunta a matsayin shiga suke farawa. Maƙeranta sun san ba su san abin da za a ɗaura mata ba. Ƙafar da ke saurare ba ta ɓata komai, amma ƙafar da ke tura bolt 5 cikin wayar da wani makunni ya haɗe da ƙasa, gajeriyar hanya ce aka buɗe wa wuta, ƙafar ta yi zafi ta ƙone. Kuskure na gurbi ɗaya a rajista ya isa ya jawo haka. Shi ya sa tun kafin a taɓa kwamfuta ake zama da takarda a jera ƙafafun, a rubuta a gaban kowace abin da ke ɗaure da ita da inda wuta za ta bi.

Wannan duka na san shi a takarda. Inda na gan shi da ido wani gida ne a Ganou, irin manyan gidajen haya masu rijiyar burtsatse da tanki a kan dogon ƙarfe, wanda muke kira shato. Matsalar gidan ta kowa ce. A kunna famfo a manta, tanki ya cika ya yi ta ambaliya har tsakar gida ta zama taɓo. Ko kuma da rani, wajen watan Maris da Afrilu, ruwan rijiya ya ja baya, famfo ya yi ta juyawa a bushe har ya ƙone. Ɗan 'yar'uwar maigidan, ɗalibi a Jami'ar Parakou, ya ce zai yi maganin abin. Ya sa makunni biyu masu yawo a kan ruwa cikin tankin, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ya jawo wayoyinsu zuwa ƙafafu biyu na shiga, ya ware ƙafa ɗaya ta fita don rile mai tada famfo. A kan tabarma, da gajerun wayoyi, abin ya yi aiki sumul. Da aka hau da shi sama aka ja doguwar waya, sai rile ya kama ƙaf-ƙaf-ƙaf ba tsayawa, famfo na tashi yana mutuwa.

Akwai wani dattijo mai gyaran rediyo a layin, irin waɗanda na ambata, wanda yanzu rabin teburinsa caja ce da fitilun hannu. Maigida ya aika aka kira shi. Yaron ya durƙusa ya gaishe shi, ya juyo masa da fuskar kwamfuta.

"Baba, na bi rubutun layi-layi, babu kuskure."

Dattijon bai ko kalli gilashin ba. Ya ɗaga kai ya bi wayar da ido daga tanki har ƙasa, ya ga inda ta bi gefen wayar wutar gida. Ya kai tafin hannunsa kusa da allon bai taɓa ba, rile ya ƙara haukacewa.

"Ɗana, rubutunka ban san shi ba. Amma wannan da ka ja eriya ce. In makunnin sama ya buɗe, me ke riƙe da ƙafar?"

"Babu komai, Baba."

"To, iska take ji."

Gaskiyarsa ke nan. Ƙafar shiga tana da saurin ji ƙwarai, in aka bar ta ba a ɗaure ta sama ko ƙasa ba, sai ta riƙa tsintar burbushin wutar gida mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, da na jikin mutum, har da tartsatsin da busasshiyar iskar hunturu ke tarawa a jikin kaya. Ƙwaƙwalwa kuwa duk abin da ƙafa ta kawo mata gaskiya ne a wurinta. Maganin ɗan rezista ne da zai ja ƙafar zuwa bolt 5 muddin makunni na buɗe, in ya rufe ya sauke ta ƙasa. ATmega328P tana da irin wannan rezista a cikinta, mai ƙarfin om dubu 20 zuwa dubu 50, ana kunna shi da rubuta 1 a PORT alhali ƙafar na matsayin shiga. A harshen Arduino kalma ɗaya ce, INPUT_PULLUP. Yaron ya gyara rubutun, ƙarar ta ragu. Dattijon ya ce bai isa ba ga waya mai wannan tsawo. Ya zaro gwangwanin madara cike da tarkacen tsofaffin alluna, ya tona da yatsa, ya fito da rezista mai om 4,700 da wata 'yar kapasita, ya dasa su a bakin ƙafar da dalma. Rile ya yi tsit.

Bai tafi ba. Ya juya allon ya dubi ɓangaren fita, ya tambayi abin da ke tsakanin ƙafa da rile. Nan yaron ya yi abin kirki, ya sa tiransista, domin ya karanta cewa iyakar abin da ƙafa ɗaya ke iya bayarwa miliamfa 40 ne, kuma ana so a tsaya wajen 20, alhali naɗin ƙaramin rile na bolt 5 yana cin wajen 70. Abin da bai sa ba shi ne dayod a gicciye kan naɗin. Duk naɗin waya da aka yanke wa wuta farat ɗaya yakan mayar da duka, wuta mai tsini ta dawo baya, ta kashe tiransista ko ta rikita ƙwaƙwalwa ta koma farko. Wanda ya yi shekaru yana gyaran talabijin ya san wannan dukan a fatar hannunsa. Dattijon ya ƙara dayod 1N4007, ya ƙara wani rezista da zai riƙe gindin tiransistan a ƙasa a ɗan lokacin nan da wuta ta dawo, ƙafafu ba su karɓi umarni ba tukuna. Ya kuma ce kada a kuskura a ɗora famfo mai doki ɗaya kai tsaye kan wannan ɗan rile. Rile ya tada kontakta, kontakta ta tada famfo.

Daga nan abin ya juya, kuma wannan ɓangaren ne ya fi zama mini a rai. Dattijon ya ce saura matsala biyu da ya san ba su da sauƙi. In an ɗauke wuta aka dawo da ita, takan zo da hauka, bai kamata famfo ya tashi nan take ba. In kuma rijiya ta ƙafe, makunnin sama ba zai taɓa rufewa ba, famfo zai yi ta aiki har ya ƙone. A zamaninsa sai ya haɗa ƙwayar 555 guda biyu da tarin rezista da kapasita, ya yi ta gwaji har lokacin ya zo daidai. Yaron ya ce, "Baba, minti nawa kake so ya jira?" Ya rubuta 'yan layuka: in wuta ta dawo a dakata, in famfo ya yi aiki ya wuce ƙa'ida makunnin ƙasa bai motsa ba a kashe shi, in ruwa na tangaɗi a tanki kada a gaskata makunni sai ya tsaya a matsayi ɗaya na 'yan daƙiƙu. Ko waya ɗaya ba a ƙara ba. Dattijon ya jawo kujera ya zauna kusa da shi, ya ce ya nuna masa layin da ya mai da ƙafa ta bakwai ta fita.

Mutanen nan biyu unguwarsu ɗaya, masallacinsu ɗaya, amma ba don famfon ya yi gardama ba da har yau ba su zauna tare ba. Haka abin yake a duk garin, haka kuma a Djougou. Ilimin ya rabu biyu. Rabi yana rumfa, wurin masu sanin halin wuta, waɗanda ke jin ƙaurin rezista su faɗi wanda ya ƙone. Rabi yana cikin kwamfutocin samari da suka koya daga Jami'ar Parakou, wadda aka buɗe a 2001, ko daga bidiyon YouTube. Saita ƙafar shiga da fita daidai kan iyakar nan ya faɗo, domin layi ne na rubutu amma sakamakonsa wuta ce ta gaske a cikin waya ta gaske.

Ba na cikin masu kukan cewa Arduino ya lalata yara da sauƙi. Wanda ya taɓa fama da PIC16F84 ya san wahalar da aka rage: sai ka canja bankin ajiya kafin ka taɓa TRIS, ka tuna ka dawo, ka tuna cewa ƙafar RA4 tana iya ja ƙasa amma ba ta iya turawa sama sai da rezista daga waje. A babbar 'yar'uwarta PIC16F877A kuwa, ƙafafun gidan A sukan farka a matsayin masu auna ƙarfin wuta, in ba ka je wata rajista ka sauya su ba, maɓallinka ba zai taɓa jiyuwa ba. Babu wata albarka a cikin wannan wahala da za a ce an yi asararta. Abin da nake tsoro daban ne. Kalmar pinMode, wadda ake saita ƙafa da ita a Arduino, ta ɓoye rajista, allon rile da ake saye a haɗe ya ɓoye tiransista da dayod, sai yaro ya gama aiki goma bai taɓa tambayar nawa ƙafa ke iya ɗauka ba. Ranar da ya bar Uno ya koma ESP32, ƙwayar kamfanin Espressif na Shanghai da ta fito a 2016, wadda samari ke so saboda tana hawa intanet, sai ya tarar da wata duniya: ita bolt 3.3 take aiki da shi, bolt 5 a ƙafarta ɓarna ne, ƙafafunta masu lamba 34 zuwa 39 na shiga ne kawai kuma ba su da rezistan ciki, wasu kuma in ka ɗaura musu kaya ba daidai ba ƙwayar ba za ta ma tashi ba. Duk wannan yana cikin takardar bayanin ƙwayar, da Ingilishi, a ƙasar da ake karatu da Faransanci, a rumfar da ake magana da Dendi da Hausa da Barba.

Sai kuma maganar kulle. Masu ƙera kaya sukan kunna wani gurbi a cikin ƙwaya da ke hana a karanto rubutun da suka zuba. Mai gyara ya gano ƙwaƙwalwa ce ta mutu, ya yi oda daga Kwatano, a kawo masa sabuwa mai lamba iri ɗaya, ya liƙa ta da kyau, na'ura ta ƙi motsi, domin sabuwar fanko ce. Wannan ne ya karya gwiwar da yawa daga dattawanmu, suka ɗauka ƙofar ta rufe ke nan. Ga talabijin da wayar hannu, kusan haka ne. Amma kaya da yawa da rayuwarmu ta rataya a kansu aikinsu bai da zurfi haka. Ɗauki injin ƙyanƙyasar ƙwai, wanda masu kiwon kaji da zabi suka rungume a arewacin Benin. Abin da ƙwaƙwalwarsa ke yi kaɗan ne: ta ji zafi ta ƙafa ɗaya, ta riƙe shi wajen digiri 37 da rabi ta hanyar kunna abin ɗumama da kashe shi, ta juya fanka, ta motsa tiren ƙwai lokaci-lokaci. Ƙwan kaza kwana 21 yake so, na zabuwa wajen 28. In allo ya mutu a tsakiyar wannan, kafin sabo ya iso daga kudu ƙwai sun huce, jarin mace guda ya tafi. Alhali mai gyaran da ya iya bin layin dalma zai iya gano ƙafar da ta tafi ma'aunin zafi da wadda ta tafi rile cikin ɗan lokaci, irin bin da ya saba yi daga eriya zuwa lasifika. In aka samu wanda zai rubuta sabon umarni a zuba cikin sabuwar ƙwaya, injin ya tashi, kuma daga ranar gyaransa ya dawo gari. Haka na'urar sauya wuta tsakanin layi da janareta, haka mai kunna fitilun sola da magariba.

An riga an nuna cewa hannun wannan yanki zai iya. A Lome, a 2013, Afate Gnikou na cibiyar WoeLab ya haɗa injin ɗab'i mai fitar da abu da siffarsa daga tarkacen tsofaffin kwamfutoci da na'urorin ofis, duniya ta yi ta magana. Sai dai irin waɗannan cibiyoyi a bakin teku suka fi taruwa, inda ake da masu ba da tallafi da 'yan jarida. Mu a nan arewa abin da muke da shi ya fi cibiya daɗewa, wato koyon sana'a a hannun patron. Uba ya kai ɗansa rumfa da goro da 'yan kuɗi, yaro ya yi shekaru yana shara yana riƙe ƙarfen dalma yana kallo, ranar da ya ƙware a yi bikin yaye shi a ba shi takarda a gaban jama'a. Wannan tsari ya fitar da teloli da makanikai da masu walda da suka riƙe garin nan. Abin da ake koyarwa a rumfar lantarki ne ya tsaya a inda kaya suka baro shi tuntuni.

Abin da ake buƙata bai kai yadda ake zato ba. Kwafin allon Uno guda, da tsohuwar kwamfuta ko da batirinta ya mutu, da maɓalli, da ƙaramar fitila da rezista mai om 220, da rile ɗaya. Manhajar rubutun kyauta ce. Samarin da suka iya karanta takardar bayani su ɗauki babin ƙafafun shiga da fita kaɗai, su zo rumfa da yamma su warware shi da harshen da ake ciniki da shi, su kuma karɓi mita su koyi auna abin da rubutunsu ke jawowa a waya. In sun zo, su zo da ladabin mai neman sani, don wanda za su tarar a kan benci ya riga su sanin wuta tun ba a haife su ba.

Ku kuma iyayenmu masu rumfa, a Ganou da Zongo da Djougou, ku matsar da tarkace ku ba kwamfutar nan wuri a kan tebur. Kafin ku sa hannu a takardar yaye yaro na gaba, ku ajiye masa allo da maɓalli da rile, ku ce ya mai da ƙafa ɗaya ta shiga, ɗaya ta fita, ya faɗa muku abin da ke riƙe da ta farkon in an saki maɓalli, da nawa ta biyun ke ɗauka. In bai iya ba, ku riƙe takardar tukuna.